Ganye Tsakanin Yunwa Da Ƙishirwa: Abin Da Zafi Da Gishiri Ke Yi Wa Amfanin Gona

A watan Disambar 2024 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato FAO, ta fitar da rahoto cewa gishiri ya kama ƙasa mai faɗin kusan hekta biliyan 1.4, kimanin kashi 10.7 cikin 100 na dukan tudun duniya. Bayan 'yan makonni sai Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya ta tabbatar da cewa tun da aka fara ajiye lissafi ba a ga shekara mai zafin 2024 ba: ta ɗara matsakaicin zafin shekarun 1850 zuwa 1900 da kimanin digiri 1.55 a ma'aunin Salshiyas. Labaran biyu gargaɗi ɗaya suke ɗauke da shi, cewa amfanin gona na cikin haɗari.

Ba laifin mai karatu ba ne idan kansa ya ɗaure. Shuka da rana take rayuwa. Iskar kabon da ake ta kuka da yawanta ita ce abincin shuka. Gonar da ba ta taɓa ganin teku ba kuma, ina ta samo gishiri? Me ya haɗa zafi da gishiri ma har ake ambatonsu tare? Amsar duk tana cikin ganye, a bakin wasu 'yan ƙofofi da ido ba ya gani.

## Aikin da ganye yake yi

Fotosintesis shi ne sunan da masana suka ba aikin da koren ganye yake yi na haɗa sukari daga ruwa da iskar kabon da ƙarfin hasken rana, ya kuma saki iskar oksijin. Duk ƙwayar hatsi daga nan ta fito. Idan aka busar da shuka tsaf, kusan kashi 45 cikin 100 na nauyinta kabon ne, kuma ba taki ne ya kawo shi ba, daga iska ganye ya tsinto shi.

Aikin hawa biyu ne, dukansu a cikin wasu korayen ɗakuna ƙanana da ake kira kuloroplas. A hawa na farko kulorofil, launin da ya mai da ganye kore, yana kama haske. Da ƙarfin hasken ake fasa ruwa, oksijin ya fita, a tara ƙarfin cikin sinadarai biyu, ATP da NADPH, kamar batir da aka cika. Wurin da ake fasa ruwan ana kiransa tsarin haske na biyu, ko da yake a hawa na farko yake, a tsakiyarsa kuma akwai ɗan dunƙule na ƙwayoyin manganis huɗu da kalsiyam ɗaya. A hawa na biyu ake kashe wannan ƙarfi wajen ɗinke kabon ya zama sukari. Melvin Calvin da abokan aikinsa Andrew Benson da James Bassham ne suka bi diddigin wannan hawa a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, har Calvin ya samu kyautar Nobel a 1961. Mai cafke iskar kabon a nan wani furotin ne da ake kira Rubisco, wanda ake ganin babu furotin da ya kai shi yawa a duniya. Yawan nasa da dalili: nawa gare shi, ƙwayar kabon kamar uku kacal yake sarrafawa a daƙiƙa guda, shi ya sa ganye ke jibge shi.

Kafin kabon ya kai ga Rubisco sai ya bi ta ƙofofin ganye, waɗanda masana ke kira sitomata. Kowace ƙofa ƙwayoyin halitta biyu ne ke gadinta. In sun ƙoshi da ruwa su kumbura, ƙofa ta buɗe. In ruwa ya yi ƙasa su saki, ta rufe. To cikin ganye a jiƙe yake, iskar waje kuwa ta fi shi bushewa, saboda haka muddin ƙofa na buɗe ruwa na fita a matsayin tururi. A alkama ko shinkafa, ganye kan rasa ɗaruruwan ƙwayoyin ruwa kafin ya samu ƙwayar kabon ɗaya, kuma fiye da kashi 95 cikin 100 na ruwan da saiwa ta sha ta nan yake tafiya. Ba ɓarna ce zalla ba, domin wannan tururi shi ne gumin shuka. Ganyen da ke samun isasshen ruwa yakan fi iskar da ke kewaye da shi sanyi, wanda ya rufe ƙofofinsa da rana tsaka kuwa yakan fi ta zafi da digirori da dama.

Ke nan ƙofa ɗaya ce ke shigo da abinci, take fitar da ruwa, take sanyaya jiki. Hawa na biyu ya dogara gare ta. Hawa na farko kuwa rana ce ke tuƙa shi, kuma ganye ba shi da ikon kashe rana.

## Zafi: asarar na farawa tun ganye na kore shar

Da an ce zafi ya ɓata shuka, abin da ke zuwa a rai shi ne ƙonannen ganye. Amma kafin a kai nan an daɗe ana asara.

Rubisco ba ya iya tantance kabon da oksijin sosai. Wani lokaci sai ya cafki oksijin, a samu wani sinadari marar amfani, mai guba ma, wanda dole shuka ta kashe ƙarfi ta sake sarrafa shi, a hanya kuma ta saki wani ɓangare na kabon da ta riga ta kama. Ana iya kiran wannan numfashin rana. Zafi yana ƙara shi ta fuska biyu: kabon da ke narke cikin ruwan ganye yana raguwa fiye da yadda oksijin ke raguwa, sannan shi kansa Rubisco kuskurensa na ƙaruwa. A rana mai zafi alkama da shinkafa da waken suya na iya mayar wa iska kashi ɗaya cikin huɗu na kabon da suka kama, ko ma fiye.

Inda gizo ke saƙa kuma shi ne wajen wani furotin na daban. Rubisco yakan cushe, wasu ɓurɓushin sukari su maƙale masa a baki, sai wani mataimaki ya zo ya yi masa sakace kafin ya ci gaba da aiki. Wannan mataimaki, Rubisco aktibes, Michael Salvucci da Archie Portis da William Ogren ne suka gano shi a 1985 a Amurka. Shi Rubisco yana da jimiri, yana kaiwa wajen digiri 50 bai lalace ba. Mataimakin nasa ne rago a gaban zafi: gwaji ya nuna aikinsa na fara ja baya da zarar zafin ganyen alkama ya haura digiri 30, na auduga kuma digiri 35. A tsaya a gonar alkama da ƙarfe biyu na rana mai zafi. Ganye kore, ƙasa da danshi, haske ya cika ko'ina, babu alamar ciwo ko ɗaya. Amma a cikin ganyen wani babban ɓangare na Rubisco yana zaune a cushe, babu mai sakace. Da yamma ta yi aka samu sanyi sai aiki ya dawo, sai dai sa'o'in da suka fi kowanne haske sun riga sun wuce a banza. Irin wannan asara ba ta barin tabo a ganye, a buhu take bayyana.

Idan zafin ganye ya haura digiri 40 zuwa 45, sai ɓarnar ta kai ga ginin kansa. Fatar da ke riƙe da na'urorin kama haske daga kitse take, sai ta saki kamar man da ya ji wuta. Dunƙulen manganis ya fara warwarewa. Akwai kuma wani furotin, D1, wanda haske ke cinyewa kullum, ganye na sauya shi a kai a kai cikin yini. Zafi yana rage saurin wannan gyara har lalacewa ta riƙa rinjayarsa. Masana na auna lafiyar wannan sashe da wata 'yar na'ura da ake maƙala wa ganye. Lafiyayyen ganye kan ba da kimanin 0.83, raguwar lambar kuma alama ce cewa an taɓa tsarin haske na biyu.

Duk wannan na faruwa ne rana na ci gaba da zubo haske. Hawa na farko na ta tara ƙarfi, hawa na biyu ya kasa kashewa, sai rarar ta faɗa kan oksijin ta haifar da sinadarai masu ƙuna da ke cin kulorofil da furotin. Daga nan ne ganye ke tsufa da wuri. A alkama lokacin cika ƙwaya yana gajarcewa, a girbe ƙwayoyi tsamurarru.

Dare ma da nasa. Shuka ba ta haɗa abinci cikin duhu, amma tana numfashi, tana cin sukarin da ta tara da rana, kuma ɗumin dare na ƙara mata ci. A Cibiyar Binciken Shinkafa ta Duniya, IRRI, da ke ƙasar Filifin, Shaobing Peng da abokan aikinsa sun duba girbin 1992 zuwa 2003, suka bayyana a 2004 cewa duk ƙarin digiri ɗaya a zafin dare na noman rani ya zo da raguwar amfani da kimanin kashi 10 cikin 100.

Alƙaluman gona sun dace da na ɗakin gwaji. Wolfram Schlenker da Michael Roberts sun nuna a 2009, daga girbin Amurka na shekaru da dama, cewa ɗumi na ƙara amfani har zuwa digiri 29 ga masara, 30 ga waken suya, 32 ga auduga, daga nan sai faɗuwa, kuma faɗuwar ta fi hawan tsanani. David Lobell da abokansa sun tattara gwaje-gwajen masara fiye da 20,000 a Afirka, suka samu a 2011 cewa kowane yini guda na ƙarin digiri ɗaya sama da 30 na rage amfani da kashi 1 cikin 100 in akwai ruwa, kashi 1.7 in ana fari. Wani babban nazari na 2017 ya kiyasta cewa duk digiri ɗaya da zafin duniya ya ƙaru, in ba a sauya salon noma ba, alkama za ta ragu da kashi 6, shinkafa 3.2, waken suya 3.1, masara 7.4.

## Masara da dawa da gero fa?

Lambar masara a wannan lissafi abin dubawa ce, domin masara na cikin shukokin da suka fi iya haɗa abinci a cikin zafi. A 1966 Hal Hatch da Roger Slack, suna aiki kan rake a Ostareliya, bayan aikin Hugo Kortschak a tsibirin Hawaii, suka fayyace wata hanya ta daban da ake kira C4. Masara, dawa, gero da rake suna fara kama kabon da wani furotin da ba ruwansa da oksijin, su tura shi can ciki, su cika wa Rubisco ɗaki da kabon ninkin-ba-ninkin. Numfashin rana ya kusan ɓacewa ke nan, kuma ganye na iya barin ƙofofinsa a ɗan buɗe kawai, ya samu abinci da kusan rabin ruwan da alkama za ta sha. Alkama, shinkafa, sha'ir, wake da auduga su ne rukunin C3, ba su da wannan dabara.

To me ya sa masara ta fi kowa asara? Saboda zafi ba a cikin ganye kaɗai yake aiki ba. Duk ƙarin digiri ɗaya, iska na iya ɗaukar ƙarin tururi da kimanin kashi 7 cikin 100, wato ƙishirwarta ta ƙaru, ta tsotse ganye da ƙasa da sauri. Masarar da ta nannaɗe ganyenta da hantsi ta riga ta rufe ƙofa. Ga kuma garin fure da gemun masara, waɗanda zafi ke kashewa cikin 'yan kwanakin da ake jiran ta yi goyo.

## Daga ina gishirin yake zuwa

Mafi yawan ƙasar da rahoton FAO ya ƙirga gishirinta na asali ne: duwatsu da suka narke a hankali, da tsofaffin tafkuna da tekuna da suka ƙafe a yankunan da ruwan sama bai isa ya wanke ƙasa ba. Ƙasashe goma ne ke da kashi 70 cikin 100 na irin wannan ƙasa, ciki har da Ostareliya, Ajantina, Kazakistan, Rasha, Amurka, Iran, Sudan da Sin. Akwai na teku, kamar yadda ruwan gishiri ya kutsa gonakin shinkafa a bakin kogin Mekong na Biyetnam a 2016 da 2020. A yammacin Ostareliya sare itatuwa masu doguwar saiwa ne ya sa ruwan ƙarƙashin ƙasa ya taso da tsohon gishiri.

Wanda ya fi shafar abinci shi ne na ban ruwa, kuma lissafinsa mai sauƙi ne. Babu ruwan kogi ko na rijiya da ba shi da ɗan gishiri. A ɗauki ruwa mai rabin giram a lita, wanda harshe ba zai ji komai a cikinsa ba. Hekta ɗaya da ta sha lita miliyan 10 a shekara, abin da ba baƙo ba ne a noman rani, an zuba mata tan 5 na gishiri ke nan. Ruwan ya tafi sama, gishirin ya zauna. In babu magudanar da za ta kwashe rarar ruwa, ruwan ƙarƙashin ƙasa ya taso kusa, rana ta riƙa jawo shi sama kamar yadda lagwani ke jan kananzir. Alamarsa ita ce farin ɓawo a saman kunya, inda ruwa ke ƙafewa.

Ana auna gishirin ƙasa da yadda ruwanta ke ɗaukar lantarki, a ma'aunin dS/m. Daga 4 ake cewa ƙasa ta yi gishiri. Ruwan teku yana wajen 50.

## Gishiri: ƙishirwa tukuna, guba daga baya

Rana Munns ta hukumar bincike ta CSIRO a Ostareliya ce ta fi yin fice wajen nuna cewa cutar gishiri mataki biyu ce, kuma raba su yana da amfani ga mai neman magani.

Na farko yana zuwa cikin mintuna ko sa'o'i, tun gishiri bai shiga jikin shuka ba. Ruwa yana bin inda sinadarai suka fi kauri. Saiwa tana shan ruwa ne saboda ruwan cikinta ya fi na ƙasa kauri. Da ƙasa ta yi gishiri sai jan ya yi rauni. Saiwa ta aika saƙo sama, ciki har da sinadarin ABA, ƙofofin ganye su rufe. Nan ne ake ganin abin da ke ruɗa manomi: ƙasa a jiƙe, ƙafa na nutsewa, amma yabanya ta yi yaushi da rana kamar an kwana biyu ba a ba ta ruwa ba. Sabbin ganye na fitowa a hankali, ƙanana, masu kauri, launinsu kore mai duhu, har a zaci ƙoshin lafiya ne. In aka auna aikin ɗan yanki guda na irin wannan ganye, sau da yawa ba a samun raguwa mai yawa. Faɗin ganyen ne gaba ɗaya ya tsuke, da yawan rassan da shuka ke fitarwa, sai abin da gona ke kamawa na haske ya ragu.

Na biyu yana ɗaukar kwanaki ko makonni. Saiwar yawancin amfanin gona tana tace mafi yawan gishirin, amma ɗan abin da ya tsallake yana bin ruwa har ganye. Ruwa ya fita ta ƙofa, sodiyam da kuloraid su zauna. Tsohon ganye ya fi kowa daɗewa yana fitar da tururi, don haka shi ya fi tarawa. Ƙwayar halitta tana da rumbu a tsakiyarta inda take ɓoye gishirin, amma in ya cika sai ya malalo wurin aiki. Sodiyam yana kama da fotashiyam, sai ya tare masa wuri, alhali furotin masu aiki fiye da 50 ba sa motsi sai da fotashiyam, har masu gadin ƙofar ganye da shi suke buɗewa. Kuloraid kuma shi ya fi cutar da lemo da inabi. Bakin tsohon ganye ya fara ƙonewa daga tsini, ƙunar ta bi gefe tana sauka. Daga nan tsere ne: in sabbin ganye na fitowa fiye da yadda tsofaffi ke mutuwa, shuka za ta kai girbi, in ba haka ba, ba za ta samu abin cika ƙwaya ba.

Ko shukar da ta jure ba kyauta ta jure ba. Fitar da sodiyam daga saiwa da haɗa sinadaran riƙe ruwa irin su furolin duk da sukari ake biya, sukarin da da ƙwaya zai tafi.

Jimirin ya bambanta ƙwarai. A jadawalin da Maas da Hoffman na ɗakin binciken gishiri na Amurka da ke Riverside suka fitar a 1977, wanda har yau ake aiki da shi, sha'ir ba ya fara raguwa sai a 8, auduga 7.7, alkama 6, shinkafa 3, tumatir 2.5, masara 1.7. Ma'ana, a ƙasa mai awo 6 sha'ir da alkama ba su ji komai ba, shinkafa ta rasa fiye da kashi ɗaya cikin uku, masara ta rasa kusan rabi. Dawa kuwa, 'yar rukunin masara, tana jurewa har 6.8. Dabarar C4 ba ta cewa komai game da gishiri.

Akwai kuma ƙasa mai kanwa, inda sodiyam ya manne wa yumɓu. Ita matsalarta ta daban ce: ƙasa ta dunƙule, ruwa ya kwanta a sama ya ƙi shiga, saiwa ta rasa iska. Wanki da ruwa kaɗai ba ya gyara ta, sai an sa jibsam, wani farin ma'adini mai ɗauke da kalsiyam, domin kalsiyam ɗin ya kori sodiyam.

## Idan suka haɗu a gona ɗaya

Zafi yana bukatar ganye ya buɗe ƙofa ya yi gumi. Gishiri yana tilasta masa ya rufe. Gaba kura, baya sayaki. In ya buɗe, ruwa ya bi ta cikinsa da yawa, gishirin da ke biye da ruwan ya taru da sauri. In ya rufe, zafinsa ya haura inda mai yi wa Rubisco sakace zai gaza, kabon na ciki ya ƙare, oksijin ya yi rinjaye, numfashin rana ya ƙaru, rarar haske ta koma ƙuna. Kuma ba haɗuwar tsautsayi ba ce. Yankunan da suka fi zafi da bushewa su ne ke dogara da ban ruwa, su ne kuma rana ta fi ƙafar da ruwansu. Ruwan da ake zubawa don maganin zafi shi ke kawo gishirin.

Sai dai ba a lissafa ɓarnar biyu da tarawa kawai. Ron Mittler ya ja hankalin masana a 2006 cewa shukar da ta gamu da matsaloli biyu a lokaci guda tana mayar da martani na daban da na kowace ɗaya, alhali yawancin gwaje-gwaje ɗaya-ɗaya ake yin su. Wani bincike kan tumatir a 2014 ma ya samu cewa zafi ya ɗan rage wa shukar illar gishiri, saboda sinadaran kariya da ya sa ta haɗa. Wannan sakamako na amfani guda ne a yanayin da aka tsara, ba za a shimfiɗa shi kan kowace gona ba, amma ya isa ya nuna cewa irin da aka tace don jure abu ɗaya ba lalle ne ya tsaya a gaban biyu ba.

## Inda masana suka sha bamban

Saɓani na farko kan iskar kabon ne. Ta tashi daga kimanin kashi 280 cikin miliyan kafin zamanin masana'antu zuwa sama da 420. Masu ganin alheri a ciki suna da hujja: ƙarin kabon na rage kuskuren Rubisco, yana kuma barin ganye ya tsuke ƙofa ya adana ruwa. Gwaje-gwajen fili da aka busa wa gona kabon har kimanin 550 sun nuna ƙarin amfani a rukunin C3, galibi ƙasa da kashi 20 cikin 100. Masu ja da su suna cewa masara da dawa ba sa samun ƙari sai lokacin fari, tsuke ƙofa na ƙara wa ganye zafi, kuma kabon ba ya kare fure daga ƙuna. Wani nazari na 2014 ƙarƙashin Samuel Myers ya kuma nuna alkamar da ta girma cikin irin wannan iska ta rasa kusan kashi 9 cikin 100 na zink, 5 na sinadarin ƙarfe, 6 na furotin. Ribar gaskiya ce, amma ba ta kai ta biya bashin zafi a ƙasashen da dama suna bakin iyaka ba.

Na biyu: shin ganye ne ke kasawa ko fure? Wasu na ganin an cika ɗora laifi kan fotosintesis. Shinkafar da zafi ya haura wajen digiri 35 a sa'o'in buɗe furenta za ta ba da holoƙo ko da ganyenta lafiya lau suke. A ƙarƙashin gishiri ma girma ne ke fara tsayawa, har sukari ya taru a ganye babu inda za a kai shi. Ɗaya ɓangaren na cewa zafin fure na 'yan kwanaki ne, gazawar ganye kuwa ta dukan lokacin noma ce. Hujjojin sun fi nuna cewa ya danganta da lokacin da matsalar ta sauka.

Na uku shi ne inda ya kamata kuɗi su tafi: gyaran iri ko gyaran ƙasa. Masu iri suna da abin nunawa. A 2012 ayarin Munns ya sanar da cewa wata ƙwayar gado mai suna Nax2, da aka ɗauko daga tsohuwar dangin alkama ta hanyar barbara, ta ƙara amfanin alkamar durum, wadda ake yin taliya da ita, da kashi 25 cikin 100 a ƙasa mai gishiri. IRRI ta ɗauki jimirin Pokkali, shinkafar gabar tekun Kerala a Indiya, ta sa cikin sabbin iri. A 2019 masu bincike a Jami'ar Illinois sun gajarce hanyar numfashin rana a ganyen taba, girmanta a fili ya ƙaru. Amma taba ba hatsi ba ce, aikin mai da shinkafa C4 kuma da aka soma a 2008 har yanzu bai kai gona ba. Masu ƙasa na cewa iri mai jimiri lokaci kawai yake saya, gishiri na ci gaba da taruwa a ƙarƙashinsa. Sukan kawo misalin kudancin Iraƙi ta dā, inda Thorkild Jacobsen da Robert Adams suka ce a 1958 gishirin ban ruwa ne ya sa manoman Sumer suka bar alkama suka koma sha'ir, ko da yake Marvin Powell ya ƙalubalanci wannan fassara ta tsofaffin alluna a 1985.

## Abin da zai iso ga manomi da mai saye

Watan Maris na 2022 shi ne Maris mafi zafi a Indiya tun 1901, ya kuma faɗo daidai lokacin da alkama ke cika ƙwaya. Ƙwayoyi suka tsamure, girbi ya gaza abin da aka yi hasashe, a ranar 13 ga Mayu gwamnati ta hana fitar da alkama, farashi ya tashi a kasuwannin duniya. Mai sayen gari a wata nahiya ya biya kuɗin abin da ya faru cikin ganye a 'yan makonni.

A gona, nauyin ya fi sauka kan mai ƙaramin ƙarfi: wanda ke ƙarshen magudanar ban ruwa, inda ruwa ke isowa kaɗan kuma da gishirin gonakin sama, da wanda ba shi da halin sauya iri ko gina magudana. Shi ne kuma ya fi faɗawa kuskuren da alamun ke jawowa. Ya ga shuka ta tsumbure, ya ƙara takin zamani, alhali takin kansa nau'in gishiri ne, sai ƙishirwar saiwa ta ƙaru. 'Yar na'urar auna gishirin ruwa da ƙasa tana raba wannan gardama cikin minti guda.

Sanin yadda abin ke aiki yana nuna inda za a taɓa. A tsara shuka yadda fure da cika ƙwaya ba za su faɗo a tsakiyar zafi ba. A sa iri a kafaɗar kunya maimakon samanta, inda gishiri ke taruwa. A rufe ƙasa da karmami ko ciyawa don rage ƙafewa. A zaɓi amfanin da ya dace da awon ƙasar. Babban maganin gishiri dai wanki ne: a zuba ruwa fiye da abin da shuka ke sha, rarar ta gangara da gishirin ƙasa da saiwa, magudana ta kwashe. Wannan na bukatar ƙarin ruwa a daidai lokacin da zafi ke rage shi, kuma ruwan wankin dole ya je wani wuri. A 1961 ruwan da aka tsane daga gonakin Wellton-Mohawk a jihar Arizona ya ƙara wa kogin Kolorado gishiri har ya ɓata amfanin manoman kwarin Mexicali a Meziko. Sai a 1973 ƙasashen biyu suka sa hannu kan yarjejeniyar da ta ƙayyade yawan gishirin da Amurka za ta bari a ruwan da ke tsallaka iyaka.